Yadda kwamitin kasuwa zai shirya wa gobara kafin motar kwana-kwana ta iso

Daga saukar hunturu a ƙarshen Nuwamba har zuwa zafin Afrilu da Mayu, komai na kasuwanninmu a bushe yake ƙamas: zanar rumfa, katakon tebur, buhunan da aka jibge, kwalayen da aka tura bayan shago. Babbar kasuwar Birnin Kebbi ta ƙone a watan Maris na 2016, watan da kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi tata gobarar. A 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta kama a Janairu, ta Katsina kuma a Maris. Duk a rani ne. Wannan bayani na sarakunan kasuwa ne da shugabannin layi da masu gadi, ko a Gusau suke, ko Jega, ko Ƙauran Namoda, ko Yawuri. Abin da za a yi a daren gobara, da rana tsaka ake yanke shi, tun ana zaune lafiya. Manyan gobarori biyu na tarihi sun nuna dalili, don haka da su za a fara.

Landan da Shikago

Da tsakar daren Lahadi, 2 ga Satumba 1666, wuta ta tashi a gidan burodin wani mai suna Thomas Farriner, a lungun Pudding Lane kusa da kogin Tems a birnin Landan. An sha fari a shekarar. Gidajen na katako ne, benayensu sun turo kai har suna neman haɗuwa a saman lungu, kamar yadda kwanon rumfuna biyu ke haɗa baki a layin 'yan gwanjo. Iska mai ƙarfi tana kaɗowa daga gabas. Kayan kashe wutar da mutanen birnin ke da su a lokacin sun haɗa da bokitin fata da tsani da gatari da wata doguwar ƙugiya da ake maƙalawa a rufin gida, a ja da igiya a kayar da shi. Sun san dabarar sarai: a rushe gidajen da ke gaban wuta don ta rasa abin ci. Aka nemi izinin magajin gari, Thomas Bloodworth. Ya zo ya duba, ya ƙi, domin 'yan haya ne a ciki kuma ba a ga masu gidajen ba.

Kafin rana ta yi, wutar ta gangara ta shiga ɗakunan ajiya na bakin kogi inda ake tara kitse da mai da kwalta da kwal. Ta ƙone na'urar da ke ƙarƙashin gadar Landan mai tura ruwa cikin bututun birnin. Lunguna suka cushe da amalanken masu kwashe kaya, masu kawo ruwa suka rasa hanya. Da Sarki Charles na biyu ya ba da umarnin rushewa, bakin alƙalami ya riga ya bushe: ana kayar da gida, kafin a janye katakonsa wuta ta iso ta bi ta kansa ta wuce. Sai da iska ta lafa, sojoji kuma suka sa albarushi suka buɗe manyan filaye a gabanta, sannan aka ci ƙarfinta bayan kwana huɗu. Gidaje kusan 13,200 suka tafi, da coci 87, da babbar majami'ar St Paul.

Shikago a Amurka, shekaru 205 bayan haka, tana da abin da Landan ba ta da shi: ma'aikatan kashe gobara 185 da injinan feshin ruwa 17 da dawakai ke ja. Amma a daren 8 ga Oktoba 1871, mai tsaron da ke kan hasumiya ya hango wutar ya yi kuskuren unguwa, aka tura injina wani wuri dabam. Ma'aikatan ma a gajiye suke, don sun kwana suna fama da wata gobarar a daren da ya gabata. Iska ta tsallakar da wutar kogi, wani katako mai ci ya faɗa kan rufin gidan ruwan birnin, injinan suka tsaya, famfo ya ƙafe. Kimanin mutum 300 suka rasu, gine-gine fiye da 17,000 suka ƙone, mutum kusan 100,000 suka rasa matsuguni.

Babu inda jarumtaka ta yi ƙaranci a biranen nan biyu. Abin da ya ci su shi ne jinkirin izini, da saƙon da ya ɓata, da ruwan da ya yanke, da abin ƙonewa da ya haɗe babu rata. Su ne dai ke cin kasuwanninmu har gobe.

Izinin rushewa

Wannan shi ne mafi wahala, kuma shi ya fi komai araha. A kira taron 'yan kasuwa, a gaban sarkin kasuwa da wakilin ƙaramar hukuma da jami'in hukumar kashe gobara ta jiha, a rubuta yarjejeniya: idan wuta ta tashi, mutum uku da aka ambata da suna, kowanne shi kaɗai, yana da ikon ba da umarnin a fasa kwaɗon shago ko a kayar da rumfa ba tare da jiran mai ita ba. Uku ne saboda ɗaya zai iya yin tafiya, wani kuma wayarsa a kashe. A ƙara da cewa wanda aka rushe wa rumfa don ceton layi, asusun ƙungiya ne zai sake gina masa. In babu wannan sharaɗi, kowa zai tsaya a ƙofar rumfarsa da sanda, kuma yana da hujja. Kowane shugaban layi ya sa hannu, a karanta wa duk wanda ya kama sabon shago.

Rumfunan zana da na kara da na katako da langa-langa ake rushewa. Shagon bulo ba a rushe shi da hannu. Abin da ake yi masa shi ne a kwashe teburan da ke gabansa, a cire rumfar da aka jingina masa, a rufe ƙofarsa.

Ƙugiyar da Landan ta yi aiki da ita, kowane maƙeri zai iya ƙera ta. Sandar ta zama busasshen itace mai tsawon mita 4 zuwa 5, kada ta zama bututun ƙarfe, saboda wayoyin lantarki da ke rataye a saman layi. A jikin kan ƙugiyar a sa zobe, a ɗaura sarƙa mai mita 2, sannan igiya ta biyo baya. Igiyar roba narkewa take yi in ta kusanci wuta, shi ya sa sarƙa ke gaba. Kowane babban layi ya samu ƙugiya biyu, gatari biyu, shebur huɗu, da babban almakashin yanke kwaɗo ɗaya, a ajiye su a ɗakin masu gadi.

Wurin da za a rushe shi ne inda iska ta nufa, ba inda ta fito ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka tun yanzu a san layukan da ke kudu maso yammacin kowane wuri mai haɗari. Kuskuren da aka fi yi shi ne kama rumfar da ke manne da wuta. A tsallake rumfa uku ko huɗu, gwargwadon ƙarfin iska, a buɗe fili mai faɗin aƙalla mita 6, kuma a janye duk abin da aka kayar zuwa nesa. Zanar da aka kwantar aka bari a wurin gada ce aka shimfiɗa wa wuta. A bayan filin a tsayar da mutane da bokitai, idanunsu a sama, domin tartsatsin zana da na kwali yana tafiya nesa a iska, kuma kowane ɗaya gobara ce sabuwa in an bar shi minti biyu.

Mafi alheri dai a bar ratar tun a gini. Hanyar da mota za ta bi ta kai faɗin mita 4 ko fiye, sama kuma babu waya ko tanti ƙasa da mita 4. A ja layin fenti a ƙasa, tebur kada ya haye shi. A shagunan bulo da ke jere, a duba cikin silin: yawanci bangon da ya raba shago da shago a silin yake tsayawa, sama kuwa rami ɗaya ne daga farkon layi zuwa ƙarshe. Ta nan wuta ke gudu ba a ganinta, sai a ga hayaƙi ya ɓullo a shago na goma. Maganinsa a ɗaga bangon bulo har ya taɓa kwano, ko da bayan kowane shago huɗu ne.

Lissafin ruwa

Mutane suna ganin duro biyu a bakin layi hankalinsu ya kwanta. A yi lissafi. Bokitin lita 10, in ya bi ta hannun mutane, abin da ke isa ga wuta bai fi lita 8 ba. Layin da ya iya aiki yana miƙa bokiti ɗaya duk daƙiƙa 3, wato bokiti 20 a minti, lita 160 ke nan. Duron lita 200 zai ƙare cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Tankin lita 5,000 zai kai rabin awa. Ita kanta motar kwana-kwana, in ta zo da lita 4,000 tana fesa lita 500 a minti, minti 8 ne ruwanta ya ƙare. Wanda bai san wannan ba shi ne ke zargin ma'aikata da zuwa babu ruwa, har a kai ga jifan motar da ta zo taimako.

Saboda haka kasuwa tana buƙatar ruwa iri biyu. Na farko na mintunan farko: duro cike a kowane layi, da murfi, da bokiti huɗu a jikinsa, da bokiti biyu na busasshen yashi. Na biyu na motar: tafki ko tankin ƙasa na siminti mai ɗaukar lita 20,000 ko fiye, a wurin da mota za ta iya tsayawa dab da shi ta zura tiyo. Kafin a gina, a gayyaci jami'an kashe gobara su nuna wurin da ya dace da girman bakin da tiyonsu zai shiga. Rijiyar burtsatse mai aiki da lantarki ba abin dogaro ba ce, tunda lantarki ne abu na farko da za a yanke, kuma gidan ruwan Shikago ya isa misali. A ajiye injin ban ruwa mai fetur, irin na 'yan fadama mai baki inci 2 ko 3, da tiyonsa, a riƙa tayar da shi duk mako. Injin da ya yi wata uku a ajiye, kaburetarsa toshewa take yi.

Ruwan gobara ba na alwala ba ne, ba na wankin babur ba ne. A naɗa wanda zai leƙa duro da tanki duk ranar Juma'a. A kuma yi magana da shugaban 'yan garuwa tun yanzu, a karɓi lambarsa, a yanke kuɗin kura ɗaya a daren gobara.

Wajen jera layi, mutum ɗaya a kowane mita ɗaya da rabi, wato mutum 20 a tazarar mita 30. Layi biyu ake yi, ɗaya na cikakken bokiti, ɗaya na mayar da wanda ya zube. Wanda ke gaba ya watsa a gindin abin da ke ci, ba a harshen wuta ba, a kuma canza shi duk bayan 'yan mintuna saboda zafi.

Kira

Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma wakilin kwamiti ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin kashe gobara mafi kusa ya karɓo lambar da ake ɗauka da dare, a rubuta ta da fenti a kowace ƙofa. Da an ga wuta a kira, ko da ana ganin za a iya kashe ta. Mai kira ya faɗi sunan kasuwa, ƙofar da za a shigo, layin, abin da ke ci, ko akwai wanda ya maƙale, da inda ruwa yake. A tura mai babur ya tari motar a bakin titi ya ja ta ciki. Makullan ƙofofi su kasance a hannun mai gadin da ke bakin aiki, ba a aljihun wanda ya tafi gida ba.

Tukunyar kashe gobara da wutar da ba ta son ruwa

Tukunya mai hoda ta kilo 6 tana ƙarewa cikin daƙiƙa 15 ko kusa da haka, ta kilo 9 ta ɗan fi. Ta wutar da ba ta wuce girman kwandon shara ba ce. A rataye ta a inuwa, kamar mita ɗaya daga ƙasa, ta yadda ba wanda zai yi tafiyar da ta wuce mita 25 kafin ya kai gare ta. A waje ake rataye ta ko a ɗakin gadi, don wadda aka kulle a cikin shago da dare ba ta da amfani. Duk wata a duba allurar ma'aunin da ke kanta tana kan kore, a kifa tukunyar a girgiza don hodar kan dunƙule. In an taɓa matsa ta ko sau ɗaya, a kai a sake cikawa, domin iskarta za ta zurare a hankali.

Wajen aiki: ka ba iska baya, hanyar fita ma tana bayanka. Ka tsaya mita 2 zuwa 3 daga wutar, ka zare fil, ka saita bakin a gindinta, ka matsa, ka riƙa sharawa dama da hagu. Mai iskar kabon, wadda ba ta da allura kuma bakinta kamar ƙaho, ita ta fi dacewa da kayan lantarki a cikin shago, amma kada a riƙe ƙahon da hannu don sanyinsa yana ƙuna, kuma a fili iska kan kwashe ta.

Fetur da kananzir da man gyaɗa da manja ba a zuba musu ruwa. Fetur yana tasowa saman ruwa ya bi shi duk inda ya gangara. Ruwan da ya faɗa cikin tafasasshen mai kuwa nan take yake zama tururi, girmansa ya ninka kusan sau 1,700, ya watsa man da wutar a fuskar mai zubawa. Kaskon mai ƙosai in ya kama, a kashe wutar ƙasa, a rufe shi da faranti ko jiƙaƙƙen buhun algarara da aka matse, a bar shi rufe har ya huce. Fetur a ƙasa, yashi ko hoda. Tukunyar gas in tiyonta ne ya kama kuma hannu zai kai, a rufe kanta. In wuta ce ke gasa jikinta, kowa ya yi nisa, a sanar da ma'aikata suna isowa. Auduga da buntun shinkafa da katifa suna ci ta ciki bayan an ga kamar sun mutu, sai an barbaza su an jiƙe. Hayaƙin katifa da na robobi guba ne, shi ke kayar da mutum tun wuta ba ta taɓa shi ba.

Wayarin

Gobarar dare a kasuwa sau da yawa haka take farawa: an ɗauke wuta da yamma, mai shago ya rufe ya bar dutsen guga ko hita a jone, aka dawo da wuta ƙarfe biyun dare. Kowane layi ya samu babban makunni ɗaya a waje, mai gadi ya kashe shi da an tashi kasuwa. Masu firji a ja musu layinsu dabam da birekarsu, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa ya yanke lantarki in kaya sun yi wa layi yawa.

Soket mai amfiya 13 iyakarsa kusan wat 3,000, dutsen guga da hita kaɗai sun kusa cinye shi. Wayar fitila milimita 1.5 da bireka mai amfiya 6 ko 10, ta soket milimita 2.5 da bireka mai amfiya 20. In bireka ta fi ƙarfin waya, wayar ce za ta narke kafin ita ta faɗi, haka ma fis ɗin da aka ɗaure da waya mai kauri. A kankare sabuwar waya da wuƙa kafin a saya: in cikinta fari ne, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda yana zafi a hankali har ya kama silin. Janareta a waje yake zama, da makunnin sauya layi, kuma ba a zuba masa mai sai ya huce na minti 10 zuwa 15. Masu sola su sa fis dab da batir, su kuma tuna cewa faranti yana ba da wuta muddin akwai rana, ko an kashe komai. Kaskon jin ɗumi na masu gadi da murhun mai shayi da na mai tsire, a ware musu wuri mai daɓen ƙasa nesa da zana, a kashe garwashin da ruwa, kada a rufe shi da toka a tafi.

Su wa za a sa a ƙungiyar

A 1824 birnin Edinbara na Sikotilan ya kafa hukumar kashe gobara ta gari a ƙarƙashin James Braidwood. Magina da kafintoci da masu rufi da masu gyaran famfo ya ɗauka, saboda sun san yadda gini yake tsayuwa da yadda yake faɗuwa. A yi koyi da shi: mai wayarin ɗaya da zai yanke lantarki kafin a watsa ɗigon ruwa, kafinta da birkila a kan ƙugiya, 'yan dako a layin bokiti, 'yan sintiri su tare ƙofofi don hana ɓarayi da 'yan kallo. A gwada aikin sau biyu a shekara, farkon hunturu da farkon bazara, da agogo a hannu, a ga minti nawa bokitin farko ke ɗauka kafin ya isa layin da ya fi nisa.

Braidwood kansa bango ne ya faɗo masa a gobarar titin Tooley a Landan a 1861. Bulon da ya sha wuta sannan aka watsa masa ruwa ba ya da amana, don haka a tsaya nesa da shi da tazarar da ta kai tsawonsa ɗaya da rabi. Kada kowa ya hau rufin kwano. Kada a buɗe ƙofar shagon da ke ci sai ruwa yana hannu, domin iskar da za ta shiga ita ce za ta hura shi. Wanda ya fito kada ya koma ɗauko kuɗi ko littafin bashi. Wanda hayaƙi ya rutsa da shi ya rarrafa, iska mai kyau tana ƙasa. Wanda rigarsa ta kama ya kwanta ya yi birgima, kada ya gudu. Ƙuna kuma ruwa mai tsabta ake kwarara mata na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba ɗanyen ƙwai ko manja ko man goge baki ba, sannan a rufe da tsabtataccen ƙyalle a kai asibiti.

Bayan ma'aikata sun tafi, a bar mutane da bokitai a wurin har kwana ɗaya cur, suna tona tarin toka da shebur. Kada a mayar da lantarki sai mai wayarin ya bi layin gaba ɗaya. Landan a 1667 ta yi dokar cewa sabon gini sai da bulo ko dutse, ta kuma faɗaɗa wasu titunanta. A kasuwa, kwanakin farko bayan gobara ne lokacin yin haka: kafin kowa ya kafa dirka, kwamiti ya fito da igiyar awo da turaku, a fitar da hanyar mita 4 da wurin tanki, sannan a raba filin rumfuna.